Kafin Ki Murɗa Totur

'Yata, tambayar da kika aiko ƙaninki da ita ta iso, kuma na gane abin da ya hana ki zuwa da bakinki. Kina tsoron ko in yi dariya ko in yi faɗa. Ba ko ɗaya. Kin ce, shin mace tana iya riƙe tseren babur a matsayin sana'a, ta ci abinci da shi, a san ta da shi? Tana iyawa. Akwai waɗanda suka yi, kuma ba da mata 'yan uwansu kaɗai suka kara ba. Sai dai abin da waya take nuna miki wutsiyar labarin ce: an kaɗa tuta, an miƙa kofi, jama'a na tafi. Ina so ki ji shi tun daga tushe, domin duk shawarar da za ki yanke bayan nan ta zama ta mai sani.

Akwai wata 'yar ƙasar Sifaniya mai suna Ana Carrasco, an haife ta a 1997 a wani ƙaramin gari da ake kira Cehegín, a yankin Murcia. Mahaifinta bakanike ne irina, yana yi wa masu tsere gyaran babur. Tana shekara uku ta fara hawan ɗan ƙaramin babur na yara, wanda asali ma yayarta aka saya wa. Ki riƙe wannan: shekara uku. Ba ta taka gasar duniya ba sai 2013, a rukunin da suke kira Moto3, tana da shekara 16. Tsakanin nan shekara 13 ce ta zagaya ƙananan filaye, ta faɗi, ta tashi, uba na biye da ita da akwatin sifana. Wanda ya ga tulin doya ranar kasuwa bai ga watannin da aka yi ana tada kunya cikin rana ba, kuma ke 'yar Garatu ce, ba sai na yi miki dogon bayani a kan wannan ba.

Da ta shiga gasar duniyar ma ba daɗi ta tarar ba. A shekarar farko mafi kyawun abin da ta yi shi ne zuwa ta takwas a Valencia, alhali abokin aikinta a ƙungiya ɗaya, Maverick Viñales, shi ya ɗauke kambun shekarar. A 2014 kuɗi suka yanke mata, ba ta ƙarasa kakar ba. A 2015 rauni ya bi rauni, ƙashin wuya da kafaɗa. A 2016 ta fita daga gasar duniya gaba ɗaya. Da a nan ta tsaya, da yau babu mai ambaton sunanta a Garatu, kuma babu wanda zai zarge ta, don mutane da yawa masu basira a daidai nan suke ajiye hula su nemi wani aiki.

A 2017 aka buɗe sabon rukuni na ƙananan babura, Supersport 300, ta shiga. A watan Satumba na shekarar, a filin Portimão da ke Fotugal, ta zo ta ɗaya a gaban maza, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ita ce mace ta farko da ta ci tseren gasar duniya na babur mai mutum ɗaya. Amma labarin da nake so ya zauna miki shi ne na shekarar da ta biyo baya.

A 2018, kan Kawasaki Ninja 400, ta ci tsere biyu, a Imola ta Italiya da Donington ta Ingila. Daga nan al'amura suka yi mata tsauri. Ranar tseren ƙarshe, 30 ga Satumba, a Magny-Cours ta Faransa, daga matsayi na 25 ta tashi. Mutum 24 a gabanta, kowa na neman hanya a kwana ɗaya. Mai zafin kai a irin wannan rana cusa kai yake yi tun a kwanar farko, ya kwashi kansa da wasu su zube. Ita ta bi a hankali, tana wuce wanda ya wutu, tana barin wanda bai wutu ba, har ta ƙare ta 13. Matsayi na 13 maki uku yake bayarwa. Abokin hamayyarta Mika Pérez yana gaba har zagayen ƙarshe, sai wani ya wuce shi dab da layi, ya zo na biyu. Da aka haɗa lissafin shekara, tana da maki 93, yana da 92. Da maki ɗaya ta zama zakarar duniya, mace ta farko a tarihin wannan wasa.

Akwai rabo a ciki, ban musa ba, don da Pérez ya riƙe gabansa da shi ne zakara. To amma rabon ya tarar da ita a kan babur, ba a kwance cikin tsakuwa ba. Kowane maki da ta tsinta a ranakun da babur bai yi mata daɗi ba, ranar nan ya yi magana. Wannan shi ne abin da samarinmu ba su gane ba game da tsere. Su a ganinsu jarumi shi ne wanda ya fi kowa murɗa totur. Murɗa totur kowane yaro ya iya. Gwaninta tana wajen birki: a ina za ki taka, da wane ƙarfi, yaushe za ki saki. Mai tsere tana da alama a gefen hanya inda take fara birki a kowace kwana, kuma a nan take takawa zagaye bayan zagaye, ba gaba ba baya. Tana rage yawancin gudunta tun kafin ta shiga kwana. Idonta na kan inda take son zuwa, don babur inda ido ya kalla yake bi, shi ya sa wanda ya ƙura wa rami ido yake faɗa masa. Tana sanin zafin taya, tana jin lokacin da ta baya ta fara zamewa tun kafin mai kallo ya lura. Bayan ta sauka kuma sai ta zauna da injiniya su duba abin da na'ura ta rubuta, su ga inda aka yi asarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Sauran kwanakin mako na motsa jiki ne, keke da gudu da ƙarfafa wuya da damtse. Aiki ne na mai haƙuri da maimaici, kuma na san ki da haƙuri, shi ya sa ban yi wasa da tambayarki ba.

Yanzu ga ɓangaren da ba na jin daɗin faɗa. A Satumba 2020, wajen gwaji a Estoril, Ana ta faɗi ta karya ƙashin baya, sai da aka yi mata tiyata aka ɗaure shi da ƙarafa. Ta dawo, a Yuni 2021 ta sake cin tsere a Misano. A Oktoba 2023 ta karya ƙafa a Indunusiya. Ta sake dawowa, a 2024 ta lashe gasar duniya ta mata zalla da aka fara a shekarar. Mutane suna jin wannan su ce jarumtaka, haka ne kuwa. Ni kuma in na ji, asibitin nake tunawa: likitan ƙashin baya da aka samu nan take, watannin gashi da motsa gaɓoɓi, da wanda ya biya kuɗin. Ki tambayi kanki, wanda ya karya baya a nan tsakanin Garatu da Gidan Kwano da ƙarfe tara na dare, wa zai ɗauke shi, a cikin me, kuma ta yaya za a ɗaga shi? Sau da yawa masu taimako da kyakkyawar niyya ne suke ƙarasa lalata abin da faɗuwa ta bari, saboda an ciccibi mutum an naɗe shi a bayan mota.

Filin tsere wuri ne da aka gina domin faɗuwa. Kowa hanya ɗaya yake bi, babu mai tahowa ta gaba. Babu tirela, babu tankar mai, babu akuya, babu yaro da zai tsallaka da tallan gyaɗa. A bayan kowace kwana an bar fili an zuba tsakuwa don wanda ya zame ya tsaya kafin ya kai bango. Akwai ma'aikata da tutoci masu sanar da haɗari, akwai motar asibiti da likita a tsaye tun kafin a tayar da inji. Mai tsere tana cikin rigar fata mai kauri daga wuya har idon sawu, da garkuwar baya, da safar hannu, da takalmi mai rufe ƙwauri, a manyan gasa har da jakar iska a cikin rigar wadda take kumbura kafin jiki ya taɓa ƙasa. Duk da wannan tanadi, a Satumba 2021 wani yaro ɗan shekara 15, Dean Berta Viñales, ya rasu a Jerez a rukunin nan da Ana ta yi zakara, kuma mutuwarsa da ta wasu yara a shekarar ta sa aka ɗaga shekarun shiga gasa. A tseren farko na gasar mata a 2024, wata 'yar Norwe, Mia Rusthen, ta ji mummunan rauni a ka. In haka ta faru a inda aka shirya, me kike zato a titin Minna zuwa Bida?

A nan zan ɗan juya ga yayyenki maza, don na san za ki karanta musu. 'Ya'yana, abin da kuke yi ranar rakiyar amarya, ɗaga tayar gaba, sakin hannu, kwanciya a kan sirdi, mutum uku a kan Boxer ɗaya da silifa a ƙafa, ba shi da dangantaka da tsere. Da ɗayanku zai yi haka a filin gasa, ranar za a karɓe lasisinsa. Mai tsere ransa kaɗai ya sa a gaba, tare da mutanen da suka amince da irin haɗarin. Ku kuwa kuna haɗawa da tsohuwa mai dawowa daga gona da yaron da aka aika sayen magi, waɗanda ba a yi shawara da su ba. Na ga bikin da aka tashi daga guɗa aka koma zaman makoki, na ga uwa tana karɓar gaisuwa da lallen bikin a hannunta. Rai amana ne, naku da na wanda kuka haɗu da shi a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shekarunku ke nan.

Na dawo gare ki. Tun 1 ga Janairu 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano, amma ki tsaya bakin titi ki ƙirga kawunan da ke da ita. Ke dai kada ki ɗora ƙafa a kan babur babu ita, mai rufe haɓa, daidai kanki, an ɗaure igiyarta. Wadda ba a ɗaure ba tun kafin kai ya isa ƙasa take tashi. Wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi kuma ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a waje ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ku mata musamman, wanda turawan can ba za su gaya miki ba don ba su san shi ba. Dogon hijabi, gefen gyale, bakin zani: in iska ta kaɗa su suka shiga wayar taya ko sarƙa, ba a ƙifta ido ba an fizgo mace ta baya, ta wuya. Duk bakaniken da ya daɗe a bakin titi ya taɓa warware tsumma daga tayar baya, kuma ya san ba a tambayar yadda mai shi ta ƙare sai da sanyin murya. Ban ce ki yar da suturarki ba, Allah Ya kiyaye. Na ce ki tattare ta. Gajeren hijabi da ake cusawa cikin riga, wando mai kauri a ƙasa, riga mai dogon hannu wadda ba ta da jela, takalmi rufaffe. Ko goyo aka yi miki, ki naɗe komai ki danne a cinya kafin a tashi. Ki koya wa ƙawayenki wannan ko da ba su da sha'awar tsere.

Maganar kuɗi kuma kada ki raina ta. Gasar matan nan ta 2024 an yi ta ne da niyyar sauƙaƙawa, kowa a kan babur iri ɗaya, Yamaha R7, amma kuɗin shiga kaɗai Yuro 25,000 ne, ban da jirgi da masauki da bakanike. Mafi yawan masu tsere ba albashi suke karɓa ba, su ne suke yawo ofis-ofis neman kamfanin da zai ɗauki nauyinsu a manna sunansa a riga. Don haka mai wannan sana'a dole ta iya magana, ta iya rubuta takarda, ta iya karanta yarjejeniya kafin ta sa hannu. Ita kanta Ana ta shiga jami'a karatun lauya tana tsaka da tsere. Jiki ba ya daɗewa a wannan aiki, kuma faɗuwa ɗaya tana iya rufe shi.

In kin duba inda muke, tseren ƙasa da rairayi ya fi kusa da mu fiye da na kwalta. Gasar Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 daga Faris, ta Agadas da Yamai ta bi a karonta na farko, kuma tun a wannan karon akwai mata a kan babur, cikinsu Martine de Cortanze ta kai har ƙarshe. An daina yin ta a Afirka bayan an soke ta 2008 saboda tsaro, yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yi. Laia Sanz, ita ma 'yar Sifaniya, ta shiga da babur sau 11 daga 2011 zuwa 2021, ta ƙarasa duka 11, a 2015 ta zo ta tara cikin kowa da kowa. A gasar da kusan kullum ake barin mutane da yawa a hanya, ƙarasawar nan ta fi burge ni a kan matsayin. A 2020 'yan Afirka ta Kudu biyu, Kirsten Landman da Taye Perry, suka ƙarasa a kan babur. A Zimbabuwe akwai Tanya Muzinda, wadda ta fara tseren ƙasa tana shekara biyar da goyon bayan mahaifinta, ta kuma yi amfani da abin da ta samu ta biya wa yara kuɗin makaranta. A Saudiyya akwai Dania Akeel, Musulma 'yar Jidda, da babur ta fara, ta ji rauni, ta koma tseren mota a sahara ta yi suna a can.  Ki lura, irin su Ana da Tanya akwai gida a bayansu.

Hanyar ma ba a buɗe suka same ta ba. A 1962 wata Baturiyar Ingila, Beryl Swain, ta zama mace ta farko da ta yi tseren tsibirin Man ita kaɗai a kan babur, ta ƙarasa lafiya, amma maimakon yabo sai aka toshe mata hanyar komawa. Don haka in kin ji ana cewa ba aikin mata ba ne, ba a kanki aka fara ba.

Sai dai namu yanayin yana da nasa nauyin. Babur a ƙasar nan ya yi baƙin jini ba da laifinsa ba. Kano ta hana acaba a 2013, a jiharmu ma an sha sa dokoki a kansa saboda 'yan bindiga da suka mayar da shi abin hawansu. Yarinyar da aka gani da babban babur da hula rufe da fuska za ta sha tambaya a shingen jami'an tsaro, za ta sha magana a unguwa. Wasu maganganun na jahilci ne, don a Maraɗi da Yamai da Wagadugu mata suna tuƙa babur zuwa kasuwa da ofis babu mai waiwaye. Wasu kuma na masu ƙaunarki ne da suke tsoron a kawo musu ke a kwance. Ki koyi bambance su. Na farko ki wuce su da sallama, na biyu ki zauna ki saurare su.

To daga ina za ki fara, tunda Garatu ba ta da filin tsere? Daga ƙarƙashin babur. Ki koyi juyen baƙin mai, ki san fulogi mai lafiya daga launinsa, ki iya ɗaure sarƙa ba ta yi tauri ba ba ta yi sako-sako ba, ki wanke kafireta ki mayar, ki san iskar da ta dace da taya. Mai tseren da ba ta iya gaya wa bakanike abin da babur yake yi ba, rabin mai tsere ce. Kada ki ji kunyar baƙin mai a farce. Sandra Aguebor ta kafa shirin koya wa mata kanikanci a 2004, a Sakkwato ma akwai garejin da 'yan mata suke gyaran mota da hijabinsu. Tuƙi kuma a fili za ki koya, inda babu mota, a kan ƙaramin babur, da babba a tsaye. Ki fara da tafiya a hankali ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba, don ta fi gudu wuya. Ki koyi tsayawar gaggawa har ta zama jiki, ki gane cewa a kwalta birkin gaba ne yake yin yawancin aikin, a kan yashi kuwa in kin damƙe shi da ƙarfi zai kayar da ke. Titi sai kin cika 18 kin karɓi lasisinki na rukunin A.

Makaranta kuwa ita ce babbar ƙofar. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Minna a 1983, ga harabarta nan Gidan Kwano, kullum kina wucewa ta gabanta. Ana koyar da injiniyancin injuna a ciki, a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bida ma haka. A kowace ƙungiyar tsere, mutum ɗaya ne a kan babur, amma masu lissafin mai da taya da na'ura suna da yawa, kuma su suna tsufa a aikin. Ki dage da lissafi da kimiyya da Turanci. In Allah Ya buɗe hanyar hawa, ilimin zai sa ki fi saura fahimtar abin da kike kai. In kuma wata hanyar Ya buɗe, kina cikin duniyar da kike so da sana'a a hannu. Ba zan yi miki alkawarin kofi ba, don kin fara a makare in aka gwada da waɗanda na ambata, kuma gara ki ji wannan daga bakina.

Abin da ya rage shi ne mahaifiyarki. Kada ta ji a bakin maƙwabta, kada kuma ta fara ganin ki a kan aron babur. Ki same ta ita kaɗai, bayan ta huta, ki gaya mata duka, har da karayar bayan da na ba ki labari. Za ta tambaye ki wa zai koya miki, a ina, da kayan wa, da kuma abin da zai faru da karatu. Ki je da amsar kowanne. In ta ce a dakata, ki dakata, ki ci gaba da littafi da sifana, waɗannan ba za ta hana ki ba. Babanki kuma ki bar mini shi, zan same shi da maganar in an gama haƙar doya.